Layin Banɗakin da Ya Zaunar da Maigidana a Gida

Zuwa ga Alhaji Injiniya Tukur,
Wakilin al'ummarmu a kwamitin gudanarwa na cibiyar motsa jiki ta unguwarmu, Salford.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara, da ɗawainiyar jama'a. Allah ya ƙara maka lafiya da haƙuri da mu, amin.

Injiniya, ka san ni, ka san gidana. Ni ce matar mutumin da kake kira Yaya tun lokacin da ka sauka Manchester da akwati ɗaya, ka kwana a falonmu har Allah ya hore maka ɗaki. Ban kawo wannan don gori ba. Na kawo ne don masu karatu su san ba baƙo nake wa magana ba, kuma ba maƙiyi ba. Na kira ka a waya kan wannan batu, ka ce in rubuto. To ga shi na rubuto, amma a fili, domin maganar ta wuce tawa ni kaɗai. Na rubuta da Hausa ne saboda da Turanci zan iya neman haƙƙi, amma abin da zan faɗa abin kunya ne, kuma da harshenmu kaɗai na san yadda zan faɗe shi ban tozarta mai shi ba. Na nemi izinin yayanka kafin in ɗauki biro. Ya ce in rubuta, sharaɗinsa kawai kada in ambaci sunansa. Na ce masa, da ma yaushe ka taɓa jin na ambata?

Ga waɗanda ba su sani ba, maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki shekara biyu da suka wuce. Ɓarin hagu ne. Mutumin da ya ƙare aikinsa na akanta ba a taɓa riƙe masa jaka ba, sai ga shi ba ya iya ɗaga kofi. Da aka sallame shi daga asibiti, ma'aikaciyar gashin ƙashi, wadda muke ce wa fiziyo, ta tura mu ajin motsa jiki da ake yi wa masu irin wannan lalura duk ranar Talata a cibiyarku. Ina so in yi muku adalci tun daga nan: ajin nan ya yi mana rana. A cikinsa ya koma tsayuwa, a cikinsa ya koma tafiya da sanda, har ya fara zuwa masallacin Juma'a da ƙafarsa daga inda tiram, jirgin ƙasan cikin gari, ke sauke mu. Ranar da ya fara yi, kai ma kana wurin, ka rungume shi a bakin ƙofa.

Abu biyu ne ba su dawo ba. Hannun hagu bai dawo ba, don haka ba ya iya kwance tazuge ko ɓalle maɓalli shi kaɗai. Sannan maganin hawan jinin da yake sha yana sa fitsari ya zo masa ba sallama. Ma'ana, duk inda zai zagaya sai da ni. Ba zan shiga banɗakin maza ba, shi kuma ba zai shiga na mata ba. Ɗaki guda ne ya rage mana a ginin nan kaf, wato banɗakin naƙasassu da ke ƙarshen korido, kusa da wurin ninkaya.

Na farko, maganar allon da kuka liƙa.

Bayan hukuncin kotun nan da aka yi ta cece-kuce a kai, kan wace ce doka ke nufi idan ta ce mace, sai muka zo wata Talata muka tarar da sababbin alluna a ƙofofi. Banɗakin mata da ɗakinsu na canza kaya, na waɗanda aka haifa mata ne. Na maza ma haka. Shi kuwa banɗakin naƙasassu, an ƙara masa rubutu a ƙasan hoton keken guragun nan cewa na kowa ne. Na tambayi yarinyar da ke teburin karɓar baƙi wane ne kowa, ta ce ai an yi ne domin waɗanda suka sauya jinsi su samu inda za su shiga.

Na ji ka da kunnena a walimar sunan da aka yi a ƙarshen wannan watan, kana ce wa maza, "Alhamdu lillahi mun yi solving ɗin matsalar, kowa ya samu wurinsa, babu wanda aka yi offending." Aka yi ta sa maka albarka. Ni ma daga ɓangaren mata na ce amin, domin ba zan ɓoye maka ba, ina cikin matan da ke son a bar mana ɗakin da za mu cire mayafi mu gyara zani hankali kwance. Har gobe ina nan a kan haka.

Abin da nake son sani shi ne, a zaman da kuka yanke wannan shawara, akwai wanda ya tashi ya je ya leƙa ɗakin? Tambaya nake da gaske, ba gatse ba. Domin tun kafin allonku ɗakin nan yana ɗauke da kaya. A cikinsa ne kaɗai akwai teburin canza wa jariri famfas, don haka duk uwa mai goyo nan take nufa. A cikinsa ne kaɗai famfo yake tare da masai a bayan ƙofa ɗaya, don haka duk ɗan'uwanmu mai buta nan yake nufa. Ba zan kare namu ba: da azahar ta yi, sai ka ga ƙato lafiyayye ya shige ya yi tsarki ya yi alwala a natse, har da shafar kai da wanke ƙafa a cikin kwamin wanke hannu, ya fito ya bar ƙasa jagab, ga tsoho mai sanda yana jira. Sai kuma mu, waɗanda aka gina ɗakin dominmu. Yanzu kun ƙaro mana wasu mutanen, waɗanda ba zagayawa kaɗai za su yi a ciki ba, har kayan ninkaya a nan za su cire su saka, tunda an rufe musu sauran ƙofofin. Ƙofa ɗaya ce, Injiniya. Kai da kake lissafin nauyin da gada za ta iya ɗauka, yaya aka yi wannan lissafin ya wuce ka?

Na biyu, abin da ya faru da yayanka.

Wata Talata ce bayan an tashi daga aji. Ya matsa mini hannu, na gane, muka nufi korido. Muka tarar akwai mai jego a ciki, ana jin kukan jaririnta, a bakin ƙofa kuma mutum ɗaya na jira. Doguwa ce, ta manyanta, gashinta a jiƙe, ta yafa babban tawul a kan kayan ninkaya, tana riƙe da jaka. Na sha ganinta a cibiyar muna gaisawa da kai. Daga baya na san sunanta Joanne, kuma tana cikin mutanen da aka liƙa allon dominsu: an haife ta namiji, ta daɗe tana rayuwa a matsayin mace. Zan ce "ita" a wannan takarda, domin haka ta gabatar mini da kanta, kuma ba gardamar wannan ce ta sa ni rubutu ba.

Ta dubi sandarsa, ta dube ni, ta ja gefe ta ce idan an fito ya fara shiga.

Injiniya, kai ka san tayi irin namu. Ka san idan aka yi wa dattijo tayin abu, ko yunwa za ta kashe shi sai ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi. Sai an sake, ya ce a'a wallahi. Sai an haɗa shi da Allah, sannan ya miƙa hannu yana cewa to don dai kin matsa. Haka aka raine shi, haka ya raini 'ya'yansa, kuma shekarun da ya yi a ƙasar nan ba su goge masa wannan ba. Balle tayin banɗaki, daga bakin mace, ga matarsa a tsaye. Sai ya gyara tsayuwa, ya ɗan rusuna kamar yadda yake yi a ofis, ya ce, "No, no, madam, after you."

Ni na san abin da wannan a'a take nufi. Shi ma ya sani. Jira yake a sake yi masa tayi. Amma Bature idan ka ce masa a'a, a'a ɗin ya ji. Ta yi godiya, mai jego ta fito, ta shige ta rufe ƙofa.

Na buɗe baki zan ƙwanƙwasa, ya harare ni. Ka san hararar. Muka tsaya. Ita kuma a ciki ba ta san komai ba, tana cire jiƙaƙƙun kaya, tana goge jiki, tana saka busassu, abin da a da take yi a wani ɗakin ba ta tare wa kowa hanya ba. Ya fara salati ƙasa-ƙasa. Ana haka sai ga matan ajin ninkaya sun fito a jere, a cikinsu har da 'yan garinmu biyu da ke durƙusawa su gaishe shi. Suka durƙusa kuwa. Suna cikin gaisuwar abin ya kufce masa.

Fararen kaya ya saka ran nan. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Matan nan suka sunkuyar da kai suka wuce da sauri, kuma na gode musu, domin iyakar abin da tarbiyya ta koya musu ke nan. Ina da digiri, na haifi 'ya'ya huɗu, na yi jinyarsa tun yana kwance, amma na rasa abin yi. Ƙofa ta buɗe, Joanne ta fito, ta kalli ƙasa, ta kalle shi. Ta warware tawul ɗinta ta buɗe shi da hannu biyu, ta juya mana baya, ta tsaya tsakaninmu da jama'a kamar labule har na shigar da shi. Da muka fito tana nan. Ta riga ta samo abin goge ƙasa ta goge wurin da kanta, ta kuma karɓo masa wandon motsa jiki a wurin ma'aikata. Ta raka mu har bakin tasi, shi a tsakiya. Bai dube ta ba, bai dube ni ba, har muka isa gida.

Tun daga ranar bai sake taka cibiyar ba. Masallacin Juma'a ma ya daina zuwa, domin mazan matan nan a can suke salla. Na rantse masa babu wadda ta faɗa wa kowa, ya ce ba sai sun faɗa ba. Idan dole ta sa za mu fita, kamar ganin likita, sai ya ƙi shan ruwa tun safe, ya ɓoye ƙwayar hawan jinin a aljihu yana zaton ban gani ba. Fiziyo ta zo gida ta duba shi, ta gaya mini a bakin ƙofa cewa ƙafar ta fara sandarewa, kuma abin da aka samu da wahala yana iya tafiya cikin sauƙi. Atisayen da ta bar mana a gida yana yi, amma ba ɗaya ba ne. A aji yana da abokan gasa, akwai wani tsoho ɗan Jamaika da suke tsokanar juna kan wa zai riga wani jefar da sanda. A gida sai ni, kuma ni ba ya jin kunyar ce mini ya gaji.

Ina jin haushi, Injiniya. Na so in ji haushin Joanne, domin da ya fi mini sauƙi, amma na duba ko'ina ban ga laifinta ba. Na ji haushinsa na kwana biyu, shi da a'arsa, sannan na tuna wannan a'ar tana cikin abin da na aura. Sai haushin ya dawo kan ƙofar nan guda ɗaya, da waɗanda suka tura mu gabanta gaba ɗaya suka tafi walima.

Na uku, abin da na ji daga bakin ita Joanne.

Bayan 'yan makonni na gamu da ita a tashar tiram. Ni na fara yi mata magana, domin ban samu na yi mata godiya ba ran nan. Muka zauna a benci, tiram ya zo ya wuce ba mu shiga ba. Ka san ni da tambaya. Tun ina yarinya ake ce mini 'yar jarida.

Ta ce direban bas ce ta yi ritaya, gwiwa ke damunta, likita ya ce ta riƙa ninkaya. Ta ce shekara da shekaru tana zuwa cibiyar nan, tana shiga lungunta a ɗakin mata ta canza kaya ta fita, ba ta taɓa samun matsala da kowa ba, ko kuma dai babu wanda ya taɓa gaya mata. Na ce mata wataƙila akwai waɗanda suka ji nauyi suka yi shiru, domin na san matanmu, kuma na san kaina. Ta ce zai yiwu, kuma ba ta taɓa son ta zama abin tsoron kowa ba. Ta ce abin da ya fi ci mata rai da sabon tsarin shi ne, duk ranar da ta shiga ɗakin naƙasassu ji take kamar ta saci wurin wani, ta fito ta tarar da mai keke ko mai sanda yana kallonta. Kuma tsayuwa a layin nan kanta sanarwa ce: duk wanda ya wuce ya ga mutum da ƙafafunsa lafiya a wurin, ya san dalili. Sai ta koma ba ta shan komai tun safe a ranar ninkaya. Da ta faɗi haka sai na tuna na baro mai irin wannan dabarar a gida.

Sannan ita ma ta yi mini tata tambayar. Ta ce abin yana damunta, me ya sa ya ce a'a? Na yi mata bayanin tayi, cewa a wurinmu ta farko gaisuwa ce, ta biyu ladabi, sai a ta uku ake maganar gaskiya. Ta riƙe baki. Ta fara dariya, dariyar ta koma hawaye, ta ce da ta sani da ta tambaye shi sau goma. Ita ma ba ta koma ba tun ranar.

Akwai tambayoyi da yawa da na so in yi mata na haɗiye. Yaya mutum yake ji a ransa har ya kai ga wannan? Tana da 'ya'ya? Me suke kiranta? Wa zai yi jinyarta idan ta kwanta? Na dawo gida ina laluben kalmar da zan kira irinta da Hausa, duk wadda na ɗauko sai in ga ko zagi ce ko kuma wani abu daban take nufi. Ban fahimci rayuwarta ba, kuma ban yi mata kamar na fahimta ba. Addinina yana nan inda yake, ba kuma fatawa na zo nema wurinka ba, muna da malamai. Abin da na sani da idona shi ne, ranar da mutuncin maigidana ya zube a korido, ita ce ta rufa masa asiri. A gidanmu ba a manta irin wannan.

Shi ya sa nake mamakin muhawarar nan yadda ake yin ta a talabijin da wayoyinmu. Kowa yana magana a kan wa zai shiga ina, ban taɓa jin wanda ya tambayi ƙofa nawa ce a ginin ba. Wasu na cewa a kare mata, ina tare da su. Wasu na cewa kada a wulaƙanta mutum a kan buƙatar da Allah ya ɗora wa kowa, su ma ban ga ƙaryarsu ba. Ina so in sani, a kwamitinku an kira mace ko ɗaya mai zuwa ninkaya an ji ta bakinta? An kira Joanne ko wani irinta? An kira ko mutum ɗaya daga ajin Talata? Ko dai lauya kawai aka tambaya me zai hana a kai ku ƙara? Idan haka ne ka gaya mini, ba zan yi mamaki ba, zan dai san matsayinmu.

Na huɗu, abin da na gani a Birmingham.

'Yarmu ta biyu, Zainab, likita ce a can, tana zaune a Aston. Da na ba ta labari ta ce, "Mama, ki yi complaint kawai a rubuce, ki yi copy ɗin council, wannan ai safeguarding issue ne." Na ce mata ni ba ƙara nake so ba, so nake ubanki ya koma aji. Da na je wurinta hutun ƙarshen mako sai ta kai ni wurin ninkayar da take zuwa. Ginin bai fi naku girma ba. Akwai ɓangaren mata, akwai na maza, kowanne da ƙofarsa. Amma a tsakani an jera ƙananan ɗakuna, kowanne da bango har sama, da sakata, da famfonsa a ciki, da ɗan benci. Na naƙasassu yana gefe, shi kaɗai, babu kowa a bakinsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina buɗewa ina leƙawa kamar mai neman hayar gida, har Zainab ta ce in bari kada a kira mana masu gadi. Na tsaya na ɗan lokaci ina kallon masu shiga da fita. Uba da 'yarsa ƙarama, wata mai hijabi da butarta a jaka, wani da ban iya cewa ga abin da yake ba, kuma ban ga wanda ya damu ya sani ba. Ban ce can aljanna ba ce, wataƙila su ma suna da nasu rigingimun. Na dai ga cewa abin yana yiwuwa da bulo da famfo.

Da na dawo sai na tuna da ƙofar da ke manne da banɗakin naƙasassu a cibiyarku, wadda ake ajiye bokitai da robobin koyon ninkaya a ciki. Na taɓa ganinta a buɗe. Akwai tayil a bangon, akwai kuma bakin bututu da aka toshe a ƙasa. Ni ba injiniya ba ce, amma na yi zaton ɗakin nan banɗaki ne a da. Ko na yi kuskure? Kai za ka fi ni sani, idan ka je ka duba.

Ga roƙona, kuma ba shi da yawa.

A buɗe ɗaki na biyu mai ƙofa da sakata da wurin canza kaya, ko wancan na bokitai ko wani, domin duk wanda ba zai shiga na maza ko na mata ba ya samu wuri ba tare da ya tsaya a layin masu sanda ba. A mayar da banɗakin naƙasassu ga naƙasassu. A saka ɗan famfo ko mesa a cikin ko da ɗaki ɗaya na ɓangaren maza da ɗaya na mata, masu buta su huta, mu ma mu huta da su. Kai kuma, tunda ana jin maganarka a masallaci, ka yi wa 'yan'uwa nasiha cewa alwala ba ta cikin lalurar da aka zana keke dominta. Kafin duk wannan ya samu, a ajiye kujera a koridon nan, abin da ba ya buƙatar zaman kwamiti. Kuma idan za ku sake zama a kan batun, ku gayyaci waɗanda za su tsaya a layin, har da Joanne. Na karɓi lambarta, ta ce za ta zo idan an kira ta, ko da yake ba ta sa rai.

Na san za ka ce akwai tsari, akwai kasafi, sai zama na gaba. Na yi aure da akanta, na san yadda ake faɗin waɗannan kalmomi. Amma ƙafar yayanka ba ta san zama na gaba ba. Na roƙe shi ya koma, Zainab ta roƙe shi, fiziyo ta yi masa faɗa, abokinsa ɗan Jamaika har waya ya bugo yana ce masa matsoraci. Amsarsa ɗaya ce: ba zai sake tsayawa a bakin ƙofar nan yana jiran a fito ba. Ranar da aka ce masa babu layi, zai saka takalminsa.

Shekaranjiya bayan sallar la'asar, yana zaune a kan dadduma ya kasa miƙewa sai da na ɗago shi. Da ya zauna a kujera ya daɗe yana kallon ƙafar. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki kira ofishin GP, likitanmu, gobe, ki tambaye su yadda ake samun keken guragu."

Ban kira ba, Injiniya. Na ce masa layin wayarsu a cike yake. Ba zan iya ci gaba da faɗin haka ba har abada, don haka ina jiran amsarka kafin in ɗaga wayar.

Allah ya ba ka ikon yin adalci a kan abin da aka damƙa maka. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira, ya sa ka tsufa da ƙafafunka da mutuncinka, kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya a bakin wata ƙofa kana salati. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa duk wanda ya suturta wani da alheri, ko wane ne shi. Ka gaida Hajiya da yara.

Wassalam.

Taka,
Maman Zainab,
Salford.